Gidan mutane ba otal ɗin kyauta ba ne

Kwanan nan samarinmu na Birnin Kebbi da Jega sun kamu da sha'awar wata irin tafiya. A cusa 'yan tufafi a jakar goyo, a ɗauki fasfo da katin rigakafin shawara, a nausa Benin da Togo da Ghana, a shafe watanni ana yawo, duk inda dare ya yi a sauka gidan mutane. Ni dai ina bayan abin ɗari bisa ɗari. Inda muka raba hanya da wasunsu shi ne wajen lissafi, don na ji ana cewa ai tafiyar ba ta da tsada, masauki kyauta, abinci kyauta. To kyauta a wajen wa?

Wasu na zaton Turawa ne suka ƙago abin, saboda sun ga Couchsurfing, shafin intanet na neman masauki a gidajen mutane, da aka buɗe a 2004. Kakanninmu sun riga su da nisa. A ƙarni na 19 ayarin fatake kan taso daga Kano da Sakkwato da jakuna, su biyo ta kasuwar Jega, su haye Kwara, su ratsa Borgu ta Nikki da Jugu, a Benin ta yau, har Salaga a ƙasar Gwanja, a Ghana ta yau. Su kai kanwa da tufafi da fatu, su juyo da goro. Kowane gari da zangonsa, kowane zango da fatomansa, wanda zai ba ka ɗaki, ya adana maka kaya, ya nemo mai saye, ya yi maka tafinta, ya tsaya maka idan bashi ya shiga ciniki. Amma fa yana da la'adarsa, kowa ya san da ita. Baƙon da ya ci amana kuwa, labarinsa kan riga shi isa zango na gaba. Zangunan da za ku sauka yau a Paraku da Kumasi, da Nima da Sabon Zango a Akra, a kan wannan tsarin suka tashi. Sai dai kai ba ka zo da kanwa ba, babu la'adar da mai gida zai ci a kanka.

Ka dubi abin da saukarka ke ci wa gida. Ɗakin da aka share maka, wani aka tasa daga ciki, yanzu yana kwana a zaure ko a shago. Uwargida ta ƙara awo a tukunya, kazar da ake kiwo don salla ta tafi. A wasu unguwannin Akra ruwan da kake sheƙawa a wanka sayensa ake a jarka, wutar da kake cajin waya da kwamfuta kuma ta mita ce mai kati. Mai gida ba zai taɓa buɗe baki ba. In ka ce za ka wuce ma cewa zai yi, "Haba ɗana, ina gaggawar? Ai gidanku ne." Karamci ne ya sa shi faɗa, kai kuma ya rage naka ka san kunya. Hadisi ya yanke maganar: liyafar baƙo kwana uku ce, abin da ya haura sadaka ne, kuma bai halatta baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai masaukinsa ba. Mun riƙe "baƙonka annabinka" da kyau, wancan ɓangaren ne muke tsallakewa.

Kada ka shiga gida hannu rabbana. Kilishi, busasshen kifin Yawuri, ɗan turare, ba su da nauyi a jaka. Kashegari ka bi yaran gida kasuwa ka yi cefane ba tare da ka yi shawara da kowa ba, ko ka sa kati a mita. Miƙa wa dattijo kuɗi a hannu kamar ka biya kuɗin ɗaki, wannan cin fuska ne. Kayanka ka wanke da kanka.

Sai batun waya, wanda shi ya fi ƙona mini rai. Mutum ya shigar da kai har tsakar gida inda iyalinsa suke, kai kuma ka ɗaga waya kana ɗaukar matan gida suna tuƙa tuwo, da bangon da ya tsage, da makewayi, ka watsa a TikTok wai kana nuna mana "ainihin rayuwar Ghana". Wa ka tambaya? Da baƙo ya yi wa gyatumarka haka a Gwandu, da yanzu an ji ku a wajen mai unguwa.

Duk da haka ba na ba kowa shawarar ya ɓuya a otal. Mai gida ne zai gaya maka tashar da za ka hau mota, da inda ake canjin sefa da sidi babu cuta, da hanyar da ba a bi bayan la'asar, musamman a arewacin Benin inda 'yan bindiga ke kai hare-hare. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 an rufe gadar Gaya da Malanbil da ta haɗa Nijar da Benin, mutane suka koma haye kogi a kwale-kwale. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ka kwana 90 babu biza a ƙasashen ƙungiyar, amma Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, don haka ka bincika halin da iyaka ke ciki kafin ka ɗaura jaka.

Wajen neman masauki kuma, na fi yarda da wayar mutum guda da ya san mahaifinka a kan taurarin yabo da ake ba masu masauki a manhaja. Ka je wajen 'yan albasar Aliero masu kai kaya Ghana, ko limamin unguwarku, su haɗa ka da nasu a can. In ka isa, ka fara gaida Sarkin Zango. Mace kuwa ta sauka gidan da aka sani, a ɓangaren mata.

Kafin ka tashi, ka zauna da Baba ku tsayar da ɗakin da za a sauke ɗan mai gidanka na Kumasi, don lambarka na hannunsa, kuma ya daɗe yana jin labarin gasar kamun kifi ta Argungu.