Dalilin Yanke Lafiyayyen Nama a Tiyatar Kansar Ƙashi

Mutane da yawa suna ɗauka cewa da zarar likita ya cire ƙarin da ido ke gani a ƙashi, aiki ya kammala, har wasu dangin majiyyaci su yi ƙorafin an yanke lafiyayyen nama ba gaira ba dalili. Wannan kuskure ne babba. Kansar ƙashi da ta fi kama matasa a kusa da gwiwa takan bazu cikin ɓargo da naman da ke kewaye, a ƙwayoyin da sai da madubin likita ake ganinsu. Shi ya sa tsarin da William Enneking, wani likitan tiyatar ƙashi ɗan Amurka, ya fitar a 1980 ya fifita ciro ƙarin a dunƙule, lulluɓe da lafiyayyen nama, kuma likitoci kan cire har da hanyar da allurar ɗibar samfurin ƙarin don gwaji ta bi.

Hoton MRI, wato hoton cikin jiki da na'ura mai maganaɗisu ke ɗauka, shi ne ke nuna inda za a yanka. Bayan tiyata ana shafa tawada a gefen abin da aka ciro, a tausasa ƙashin da sinadari kafin a duba, abin da ke jinkirta sakamako. Idan ƙwayoyin cutar sun taɓa tawadar, wato sun kai gefen da aka yanka, haɗarin dawowarta ya ƙaru, kuma ana iya sake tiyata.