Ku Bar Mai Makoki Ya Yi Kukansa

'Yan'uwana matasa a cikin Almasihu, akwai wata magana da ta zame mana jiki a gidan rasuwa, kuma ina so mu bar ta. Da mun ga matar mamaci ko ɗansa yana hawaye, sai mu ce, "Haba, daina kuka mana, ai kai mai bi ne." Da kyakkyawar niyya muke faɗa, amma ba daga Littafi Mai Tsarki muka samo ta ba.

Ku buɗe Yahaya sura 11. Yesu ya iso Betanya, Li'azaru ya kwana huɗu a kabari. Tun kafin ya iso ya gaya wa almajiransa cewa zai je ya tashe shi, ya kuma shaida wa Marta, 'yar'uwar Li'azaru, cewa shi ne tashin matattu, shi ne rai. Duk da haka, da ya ga Maryamu, 'yar'uwar Marta, da masu ta'aziyya suna kuka, shi ma hawaye ya zubo masa. Wanda ya san nan da ɗan lokaci zai kira mamacin da sunansa ya fito bai ɗauki kuka ƙarancin bangaskiya ba. To, mu su wane ne? Ibrahim ya yi wa Saratu kuka a Hebron, Isra'ilawa sun yi wa Musa makokin kwana 30, masu tsoron Allah da suka binne Istifanas kuwa babban makoki suka yi masa.

Ayar da muke jingina da ita, 1 Tasalonikawa 4:13, rabinta muke karantawa. Bulus bai hana baƙin ciki ba, irin na marasa bege ya hana. Begen nan kuma yana da tushe. A 1 Korintiyawa 15 ya jera shaidu: Almasihu ya mutu, an binne shi, ya tashi a rana ta uku, ya bayyana ga Kefas, wato Bitrus, ga almajirai sha biyun, sannan ga 'yan'uwa fiye da 500 a lokaci guda, yawancinsu suna raye sa'ad da ake rubuta wasiƙar. Bulus ya kira Almasihu nunan fari na waɗanda suka mutu, kuma kowane manomi ya san idan zangarniyar farko ta nuna, sauran gonar tana tafe. Jikin nan da muke sa wa ƙasa shi za a tayar marar ruɓa. Hausawa na cewa mutuwa rigar kowa, gaskiya ne, amma Bulus abokiyar gaba ya kira ta, ta ƙarshe da za a hallaka. Wanda abokiyar gaba ta shiga gidansa, me zai hana shi kuka?

Ina tuna 'yan'uwanmu na EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, a Borno da Adamawa, waɗanda har hedikwatarsu ta Kwarhi 'yan Boko Haram suka kore su daga ciki a 2014. Akwai iyalan da ko gawar da za su binne ba su samu ba. Alkawarin bai tsallake su ba, domin Wahayin Yahaya 20:13 ya ce har teku za ta fito da matattun da ke cikinta.

Saura halinmu a zaman makoki. Abokan Ayuba sun yi kwana bakwai tare da shi ba wanda ya ce uffan, sai da suka buɗe baki suka fara neman laifinsa. Kada ka zama mai fassara wa mutane dalilin da ya sa Allah ya ɗauki ɗansu. Ka ce "Ubangiji ya ta'azantar da ku," ka zauna, ka ɗebo ruwa, ka jera kujeru. Don Allah kuma a daina sa hoton mamaci a Facebook da WhatsApp tun uwarsa ba ta ji ba.

Ranar jana'iza kowa yana nan, Zumuntar Mata da waƙa, mu da anko. Bayan an kwashe rumfa ne gidan ke yin shiru, a lokacin kuma ƙafa ke ɗaukewa. Yakubu 1:27 ya ce a kula da marayu da matan da mazansu suka mutu cikin wahalarsu. Ka koma bayan wata biyu, ka tambayi kuɗin makarantar yaran, ka ji ko an samu mai nome gonar. Idan gwauruwar ta ɗauko hirar mijinta, kada ka kawar da zancen, ka saurara ko da za ta sake fashewa da kuka.