Mai kilt a kan titi: a tambaye shi, amma a kame hannu

Idan namiji ya fito da kilt, wato tufar ulu mai kama da siket da mazan Sikotland ke ɗaurawa, ranar Talata da safe a Gilasgo, babu biki babu wasan ƙwallo, da wuya ya isa tashar bas wani bai tambaye shi ko ɗaurin aure za shi ba. Nan gizo ke saƙa. Tufar da mazan tsaunukan Sikotland suka yi kiwo da noma da yaƙi a cikinta ta koma kayan fita kunya, wadda da yawa sai aure ya taso suke zuwa haya. Ina ganin masu mayar da ita kayan yau da gobe suna da gaskiya, kuma nauyin gyara hali yana kan masu kallo.

Ba haka kawai ta bar titi ba. Bayan yaƙin Culloden na 1746, inda sojojin sarki suka murƙushe 'yan tawayen tsaunukan Sikotland, majalisar Birtaniya ta haramta wa mazan tsaunuka sanya ta, ban da sojojin sarki. Kafin a soke dokar a 1782 talaka ya riga ya saba da wando. Da Sarki George na Huɗu ya ziyarci Edinbura a 1822 sanye da kilt, sai ta dawo a matsayin adon manya da na taro.

Masu cewa ba ta dace da zirga-zirgar yini ba, galibi ba su iya sa ta ba ne. Cikakkiyar kilt yadi takwas ce ta ulu, mai nauyi kan kusan kai kilo biyu, amma akwai ta yadi biyar wadda ta fi sauƙi ga mai wuni a ofis ko kanti. Ninkin yana baya, gaba kuma shafe yake, shafi biyu ɗaya kan ɗaya. Wanda ya juyo da ninkin gaba ya tona kansa tun daga nesa. A kan cibiya ake ɗaura ta, ba a ƙugu irin na wando ba, ta sauko ta tsaya a tsakiyar ƙoƙon gwiwa. In ta wuce nan, bakinta zai yi ta gogar bayan ƙafa, ranar ruwan sama kuwa jiƙaƙƙen ulu har sale fata yake yi.

Fil ɗin da ake maƙalawa a ƙasa ta hannun dama, shafin sama kaɗai ake sokewa, don aikinsa ƙara nauyi ne kada iska ta ɗaga. Mai sabon shiga yakan haɗe shafin biyu da shi, taku ɗaya mai faɗi sai yadin ya yage. Kilt ba ta da aljihu, shi ya sa ake rataya 'yar jakar fata da suke kira sporran a gaba, kimanin tafin hannu ƙasa da bel. Waya da makulli suna ciki, kuma idan mutum ya zauna ita ce ke danne shafin tsakanin cinyoyi. Zaman ma da yadda ake yinsa: a shafo ninkin da hannu biyu daga baya kafin a sauka kan kujera, in ba haka ba awa ɗaya a mota ta isa ta yamutsa shi. Ba a jefa ta a injin wanki. A rataye ta ta sha iska, a kuma kiyaye ta daga asu.

Sai 'yar wuƙar da ake soke wa a safa. Dokar Sikotland ta yarda da ita a matsayin ɓangaren kayan gargajiya, amma masu gadin filin jirgi da na filin wasa za su karɓe ta. Mai zuwa kasuwa ya bar ta a gida.

Yawancin abin da baƙin ido ke yi babu cutarwa. Tsohuwa za ta tsayar da shi ta ce mijinta ma irin wannan zanen yake sawa. Masu yawon buɗe ido a Edinbura za su nemi hoto. Wani zai tambayi dangin da tartan ɗin, wato salon layuka masu gicciye da ke jikin yadin, yake wakilta, alhali babu dokar da ta hana kowa sa kowane zane, kuma rajistar tartan ta gwamnati da aka buɗe a 2009 cike take da na makarantu da kamfanoni. Duk wanda ya taɓa ratsa titin Turai da babbar riga da hula ya san irin wannan kallo, ya kuma san amsa ɗaya cikin fara'a takan wadatar.

Abin da ba zan yi wa uzuri ba shi ne tambayar me ke ƙarƙashi, da hannun da kan biyo bayanta. A mashaya da wuraren biki, maza da mata sukan ɗage wa mutum kilt suna dariya, wai wasa ne. Da mace aka yi wa haka babu mai kiransa wasa. Ɗaukar hoton ƙarƙashin tufar mutum ba da izininsa ba laifi ne a Sikotland tun 2010, a Ingila da Wales tun 2019, kuma dokar ba ta ware namiji mai kilt ba. Wanda aka yi wa haka yana da ikon kiran 'yan sanda ta lamba 101, bai kamata a sa shi jin kunyar yin hakan ba.

Zancen cewa ɗan asalin Sikotland ba ya sa komai a ciki, al'adar barikin soja ce ta dā, ba sharaɗin tufar ba. Masu rawar gargajiya da masu jifan gungume a wasannin tsaunuka duk da gajeren wando suke fita, shagunan haya da yawa kuma suna roƙon a sa shi saboda tsafta, tunda kilt ɗin da aka mayar ranar Litinin wani ne zai ɗaura ta ranar Asabar.