Fom Mai Tsoron Injiniya

OGA: Injiniya, fom ɗin nan na Access, manhajar da muke adana bayanai da ita, aljani ne a cikinsa. Jiya sau huɗu yana yi mana bore, kana shigowa ya yi luf.

INJINIYA: Me saƙon kuskuren ya ce?

AKAWU: Wani ɗan akwati ne ke fitowa da Turanci. Ni dai OK nake dannawa.

INJINIYA: Lambar fa?

AKAWU: Yallaɓai ya ce a yi sauri.

INJINIYA: Bari in danna Alt da F11 in leƙa ciki. Kai! Wa ya watsa On Error Resume Next, umarnin da ke sa a tsallake kuskure a ci gaba, a rabin ayyukan nan?

OGA: Ɗan ƙanena. Ya ce maganin kuskure ne.

INJINIYA: Toshe bakin majinyaci ne don kada a ji nishi. Zan cire, in kafa tebur mai rubuta lambar kuskure, sunan fom, sunan kwamfuta da lokaci. Sai mako mai zuwa.

Bayan kwana bakwai.

INJINIYA: Yallaɓai, aljanun naka uku ne. Na fari lambarsa 3075, ba ya fita sai an nemi suna mai ɗauri a tsakiya, irin Sa'adu. Fom ɗin yana saka suna tsakanin alamomi biyu masu kama da wannan ɗauri cikin umarnin SQL, yaren da ake neman bayanai da shi, sai na tsakiyar ya datse umarnin tun bai ƙare ba.

OGA: Akawu, a goge duk wani Sa'adu.

INJINIYA: Ranka ya daɗe, a bar bayin Allah. Umarnin Replace zai ninka alamar ta zama biyu, shi ke nan. Na biyu 3043, tsinkewar hanya ce, kuma a kwamfutar Akawu kaɗai.

OGA: Na faɗa!

INJINIYA: Ita kaɗai ke kan Wi-Fi. Access kai tsaye yake karatu da rubutu a fayil ta hanyar sadarwa, tsinkewar daƙiƙa ɗaya ta isa ta kayar da fom, wani sa'in ta lalata bayanai. A ja masa waya. Sannan ku shida kuna buɗe fayil ɗaya. Za a raba shi: tebura a sabar, kowa da kwafin fom a kwamfutarsa. Kafin nan kowa ya fita, fayil ɗin kulle mai ƙarshen laccdb ya ɓace, in ɗauki kwafin ajiya, in yi Compact and Repair, wato matse fayil da gyara shi. Fayil ɗin ya kumbura, kuma iyakarsa gigabait 2.

AKAWU: Na ukun fa? Ko shi ne rahoton da aka ce na zo aiki da barci?

INJINIYA: Shi ne, kuma bai shiga teburin ba don ba ya ihu. Ka rubuta 04/03, kana nufin 4 ga Maris, SQL ɗin Access ya karanta irin na Amurka, wata kafin rana, ya kawo 3 ga Afrilu. Daga ranar 13 kuwa, tunda babu wata na 13, sai ya juya da kansa ya yi daidai. Za mu sa umarnin Format ya jera shekara, wata, rana.

OGA: To me ya sa idan ka zo ba ya yi?

INJINIYA: Ranar 20 na zo, na gwada a kwamfuta mai waya, na nemi Audu.

AKAWU: Ga wani akwati ya fito can! Af, har an danna OK.

OGA: Kai ne ko?

INJINIYA: Tebur ya riga ya rubuta. Lamba 94, an bar gurbin kwanan wata fanko. Kwamfutar kuwa... Yallaɓai, taka ce.

OGA: A dawo da maganin ɗan ƙanena.