Bidiyon awa uku: mu da wifi a Faransa, su da mega a Marwa

Daga 17 ga Maris zuwa 11 ga Mayun 2020, lokacin kullen cutar korona, mazaunin Faransa ba ya fita sai da takardar da ya cike, shan iska ma aka mayar da shi awa ɗaya, kilomita ɗaya daga ƙofar gida, wanda ya saɓa ya biya tarar yuro 135. A Kamaru ba a kai nan ba. An rufe iyakoki da makarantu, an hana taron da ya wuce mutum 50, amma kasuwannin Garwa da Marwa suna ci. A Njamena kuma dokar hana fitar dare aka sa. Duk da haka, can da nan mutane sun faɗa kallon dogayen bidiyo: gyaran waya, haɗa sola, ɗinki, kiwon kaji, ga tafsirin azumi da ya koma Facebook. Ra'ayina shi ne 'yan gida sun fi mu cin moriyar kallon, kuma tsadar intanet ce ta jawo hakan.

Mu nan wifi ba shi da iyaka. Bidiyo na ƙarewa wani zai tashi da kansa, sai mutum ya fara da yadda ake kafa tanki, asuba ta same shi yana kallon tarihin jiragen ƙasa. Kallon ya yi yawa har YouTube ya rage kyan hoto a Turai cikin watan Maris ɗin, don kada layuka su cushe. Mai sayen mega da sefarsa a Kuseri ba ya wannan yawo. Awa ɗaya a 360p (hoto mai ƙarancin kyau) tana cin wajen mega 300, a 720p (hoto mai kyau) kuwa tana haura giga guda. Don haka sai ya zaɓa tukuna, ya sauke da dare lokacin da layi ya yi sauƙi, ya tura wa abokai ta Xender, a maimaita shi sau da yawa. In karatu ne ko wa'azi, murya kaɗai ta isa, mega 30 ta ɗauki awa guda. Masu gyaran waya kuma suna kallo a 360p, in an zo wurin haɗa wayoyi su ɗaga zuwa 720p, su tsayar, su ɗauki hoton fuskar wayar, su koma ƙasa.

Amma a nan gizo ke saƙa. Da yawa daga cikin bidiyon a ƙasashen sanyi aka ɗauke su, cikin ɗaki mai zafin digiri 20, da wutar da ba ta ɗaukewa. Injin ƙyanƙyasa, wanda matasa da dama suka ƙwallafa rai a kansa a shekarar, ya isa misali.

Haɗa shi ba wuya: tsohon firij ko akwatin katako, ƙwan fitila mai wat 40 (mai zafi, ba LED ba), fankar kwamfuta, faranti da ruwa, da ƙaramar na'urar daidaita zafi irin W1209 mai aiki da bolt 12. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi a zafin digiri 37.5. Danshin iska kashi 50 zuwa 55 cikin ɗari har kwana 18, sannan a ɗaga shi zuwa 65 ko 70. Ana juya ƙwai aƙalla sau uku a yini, a daina a rana ta 18. A rana ta 7 a haska shi da tocila cikin duhu: mai jijiyoyi ya ɗauka, wanda ya fito fayau a cire. Bidiyon haɗa injin ya faɗi duk wannan, kuma gaskiya ne.

Abin da bai faɗa ba shi ne a watan Afrilu zafin Marwa da Kuseri kan wuce digiri 40, ɗaki mai rufin kwano ya fi haka. Na'urar nan kashe fitila kawai ta iya, ba ta sanyaya komai. In ƙwai ya yi awanni sama da digiri 40, ɗan tsakon ya mutu a ciki, mai injin kuma ya zargi ƙwan. Maganin shi ne a ajiye injin a ƙasa cikin ɗakin ƙasa, nesa da bangon da rana ke duka, a rataya jiƙaƙƙen buhu kusa, ko kuma a haƙura da bazara a fara da damina. Lokacin hunturu matsalar ta juya: iska ta bushe ƙayau, faranti ɗaya ba ya isa, fatar cikin ƙwai ta manne wa ɗan tsako ya kasa fita bayan ya huda. Faɗin ruwan ne ke kawo danshi, ba zurfinsa ba, saboda haka faranti biyu masu faɗi, ko soso a ciki.

Sai wuta. Arewacin Kamaru ya dogara sosai da madatsar Lagdo, kuma idan ruwa ya ja baya da rani ana rabon wuta. Batir mai bolt 12, amfiya 100, rabinsa kawai ake ci in ana so ya daɗe, wato kamar awa 15 ga fitila mai wat 40. Fitilar da fankar su zama na bolt 12 tun farko, kada a dogara da inbata. Ƙwan da za a zuba kuma kada ya wuce mako guda a ajiye, tsininsa ƙasa, kusa da randa. Na zabo kwana 26 zuwa 28 yake yi, don haka ba a haɗa shi zubi ɗaya da na kaza.

Mu da ke waje muna da wani hali: mu ga bidiyo ya burge mu, mu cilla wa ƙani adireshinsa ta WhatsApp mu ce «kalli wannan». Awa uku a 720p ta cinye masa fiye da giga uku. Tunda mu ne da wifi marar iyaka, mu kalla tukuna, mu rubuta masa mintin da aikin yake, misali daga 42 zuwa 55, mu yanko wurin a 360p, sannan mu tambaye shi zafin ɗakinsa da azahar kafin ya sayi ƙwai ko ɗaya.