Thexder: ba a rikiɗa gwanintarsa take ba

Makonni uku ke nan ina fafatawa da wani tsohon wasan kwamfuta na Japan mai suna Thexder, kuma na gamsu cewa yawancin masu yabonsa ba su yabe shi a inda ya cancanta ba. Abin da kowa yake fara ambata shi ne rikiɗa, wato mutum-mutumin ƙarfen da yake tafiya da ƙafa yana tsalle, amma da an danna maɓalli sai ya naɗe jikinsa ya koma jirgin yaƙi. Babu shakka wannan ya ƙayatar a shekarar 1985, lokacin da kamfanin Game Arts ya fitar da wasan a kan kwamfutar NEC PC-8801, sai dai ba sabon abu ba ne ko a lokacin, domin kamfanin Jaleco ya riga shi da Formation Z tun a 1984.

A ganina, hikimar Hibiki Godai da Satoshi Uesaka, mutum biyun da suka ƙirƙiro shi, tana cikin yadda suka raba wa ɗan wasa ƙarfi. Asusu ɗaya tak suka ba shi. Daga cikinsa harbi yake ci, daga cikinsa garkuwa take ci idan ka ɗaga ta, kuma duk abokin gabar da ya taɓa ka a nan yake yagar rabonsa. Ranar da asusun ya ƙare, wasa ya ƙare, saboda rai ɗaya ne babu na biyu. Wani abin mamaki kuma shi ne, muddin kana cikin siffar mutum-mutumi, hasken da kake harbawa da kansa yake neman abokin gaba, ba ka buƙatar saiti. Tunda an ɗauke maka wahalar saiti, abin da ya rage a wuyanka shi ne sanin wanda ya cancanci a kashe masa ƙarfi da wanda ya kamata a kauce masa, domin kaɗan ne daga cikinsu suke mayar maka da wani abu idan ka hallaka su.

Daren farko ban fahimci haka ba. Na ɗora yatsa a kan maɓallin harbi ban ɗaga ba, ina jin daɗin yadda hasken yake share gabana, ashe ramin kaina nake haƙawa. Da na iso wani siririn lungu wanda sai jirgi yake iya ratsawa, na rikiɗa na kutsa cikin gaggawa, hancin jirgin ya daki bango, nan take na koma mutum-mutumi na faɗo tsakiyar wasu ƙananan halittu da suka yanyame ni kamar ƙudan zuma. Kafin in lalubo garkuwa, ɗan abin da ya saura ya tsiyaye, sai wani kiɗa mai sanyi na Beethoven ya tashi kamar ana yi mini ta'aziyya.

Ba na cewa wasan ba shi da aibi. Matakai 16 ba tare da damar ajiye inda ka tsaya ba azaba ce ga magidanci mai aikin yi, kuma ban ga laifin wanda ya ajiye shi ba. Duk da haka ya karɓu, har kamfanin Sierra ya kai shi Amurka a 1987, aka kuma yi masa ci gaba mai suna Fire Hawk a 1989. Wanda ba na ba da shawara a kansa shi ne na na'urar wasan bidiyo ta Famicom da kamfanin Square ya fitar a ƙarshen 1985, saboda an musanya dogon hasken nan da ƙananan harsasai, armashin ya ragu ƙwarai. Mai son ɗanɗana shi ya nemi na kwamfuta, ya kuma gwada ƙetare matakin farko ba tare da ya taɓa garkuwa ba, domin akwai ladan ƙarin ƙarfi ga wanda ya iya hakan. Ni sai a dare na tara na samu.