Koko muna ba su, ɗaki fa?

Daren jiya ruwa ya sauka a Nima, unguwarmu ta nan Ankara babban birnin Ghana, kamar da bakin ƙwarya. Da asuba na fito zan je masallaci sai na tarar da wani dattijo a rakuɓe a baranda, ya lulluɓa da baƙar leda, tabarmarshi ta jiƙe sharkaf, ƙafa ɗaya a kumbure. Wallahi na san shi. A gidanmu ya zauna sama da shekara 20, ɗakin da ke kusa da famfo. Gadi yake yi can wajen Airport tun ina makarantar allo, in ya taso aiki da safe shi ke riƙo mana burodi. Da mahaifinmu ya rasu aka raba gado ɗakin ya faɗo a rabon yayana, aka ce ma tsoho ko ya kawo adibas, wato kuɗin haya na gaba, na shekara 2 ko ya kwashe kayanshi, mutumin da hawan jini ya riga ya taɓa mai hannu, aikin gadin ma an sallame shi. Ina zaune a wurin ranar da aka faɗa mai. Ban ce uffan ba, wai kar a ce ƙarami ya yi ma babba rashin kunya.

Na durƙusa na ce Baba ina kwana. Ya ce lafiya lau ɗana, ya jikin mamanku, ƙafar tata ta yi sauƙi? Shi da ke kwance cikin ruwa shi ke tambayar ƙafar wani. Sallar nan na yi ta ne kawai amma ban san me liman ya karanta ba.

Mu mutanen Zongo ba a fi mu ba da abinci ba, wannan kam ko maƙiyinmu ya sani. Mai koko za ta zuba ma mabuƙaci ta ɗora mai ƙosai, mai waakye haka, ran Juma'a kowa na da canjin sadaka a aljihu, da azumi kuwa har abinci ya yi yawa a zubar. Amma in rana ta faɗi kowa ya shige ɗakinshi ya sa sakata. Wa ya taɓa tambayar inda wanda ya ba kokon zai kwana? Da can masallaci ne mafaka, yanzu tunda aka fara sace fanka da amfilifaya kusan kowane masallaci ana gama isha'i sai kwaɗo. Ban ga laifin kwamiti ba, su ma sun gaji da sayen sabo.

Kuma abin kunyar, kalmar zongo kanta ma'anarta masauki. Inda ayarin fatake ke sauke kaya su kwana. Kakanninmu da suka biyo hanyar goro ta Salaga suka gangaro Kumasi da Ankara, a gidan wani suka fara sauka, mai gida ya ba su zaure ya ba su ruwa kafin ya san sunan garinsu. Haka su Malam Bako suka tara jama'a a Sabon Zongo, haka Malam Futa a nan Nima. Yau ku shiga gidajenmu ku nuna min zaure ɗaya da ya rage. An toshe shi da bulo an mai da shi shago, ko an sa mai ƙofa an ba ɗan haya. Namu ma mai MoMo, mai tura kuɗi ta waya, ne a ciki.

Zancen adibas ɗin nan kuwa, dokar haya ta Ghana tun ta 1963 ta ce kar mai gida ya karɓi fiye da na wata 6. Ku gaya min wanda ya taɓa samun ɗaki a Nima ko Mamobi ko Madina da wata 6. Kana ambaton Rent Control, ofishin gwamnati mai kula da harkar haya, mai gida zai ce ka je su ba ka ɗakin. Gwamnati da bakinta ta ce ƙasar na da giɓin gidaje wajen miliyan 1.8, ga aikin gidajen gwamnati na Saglemi can an ciyo bashin dala miliyan 200 wai za a gina gida 5,000, aka tsaya a wajen 1,500, su ma shekara da shekaru ciyawa da ƙadangaru ne suka tare a ciki. Bayan ambaliya da gobarar Circle ta 3 ga Yuni 2015 aka shiga unguwar talakawa ta Old Fadama da katafila aka rushe ɗakunan katako na bakin ruwa, mutanen ba su ɓace ba ai, barandar shaguna suka koma. Ku bi ta tashar mota ta Tema Station ko kasuwar Makola da tsakar dare ku ga 'yan mata masu kaya, kayayei, jere a ƙasa da goyo, kowacce ta rungume kwanonta don kar a ɗauke.

Wanda ya fi ci min rai shi ne na masu taɓin hankali. Akwai wani yaro a layinmu, tare muka yi ƙwallo, ciwon ya kama shi bayan ya gama sakandare. Samarin bes ɗinmu, inda muke zaman hira, suka yi karo-karo aka kai shi asibiti, ya yi wata 2 ya dawo tas, ya yi ƙiba, yana gaida kowa da sunanshi. To amma ina zai koma? Uwar ta rasu, dangi kowa na tsoro. Ya koma kwana bayan kiyos, maganin da aka ce ya sha kullum da dare yana cikin leda a aljihu, ruwan sama ɗaya ya narkar da shi, ba wanda ya san ranar komawarshi ganin likita. Kafin babbar salla ya koma tsince-tsince a bakin gwata, mu kuma muka ce ai aljanun ne suka dawo. Wane aljani dan Allah? Magani ba ya zama a jikin mutumin da bai da ƙofar da zai rufe. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnati 3 ne, na nan Ankara da Pantang da Ankaful, duk a kudu, kuma aikinsu su yi magani su sallama, ba za su bi ka gida ba. An yi dokar lafiyar ƙwaƙwalwa tun 2012, amma doka ba ta tashin mutum ta ce ga ruwa sha ƙwayarka.

Na san za a ce aikin gwamnati ne, akwai LEAP, tallafin kuɗi na marasa galihu, akwai Zongo Development Fund, asusun raya unguwannin Zongo. To a matsa musu, ni ma zan sa baki. Amma kafin nan fa? Kuɗin da muke kashewa a yayi na awure ɗaya, atamfa kala 3 da kanofi da mai kiɗa, ya isa adibas ɗin ɗaki. Masallatanmu a layi ɗaya sai ka ƙirga 4, kowanne ana gasar tayil da gilashi. Ni abin da nake so, kowane masallacin Juma'a ya kama ɗaki 2 kacal, ko wani mai hali ya yi waƙafinsu, a rubuta a takarda gaban liman da sarki don kar magada su zo su karɓe gobe, irin yadda muka yi. A sa mutum ɗaya ko mace ɗaya mai haƙuri ana ba ta ɗan alawus, aikinta ta leƙa safe da yamma, ta sabunta musu katin inshorar lafiya na NHIS, ta riƙe ranar asibiti, ta ga an sha magani. In ba mai leƙawa, ɗakin ma gawa za a je a tarar wata rana.

Ni dai bayan salla na kai Baba ɗakina ya canza kaya ya sha shayi, yanzu haka yana barci a kan katifata ni ina waje ina wannan rubutu. Mai MoMo ɗin zaurenmu hayarshi na ƙarewa ƙarshen wata mai zuwa, kuma zauren a rabona yake. Anjima zan je in sami yaya, har yanzu ban san ta inda zan fara mai maganar ba.